Kaburbura da azzaluman masu gonaki a labaran ƙauyen Ayilan: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Wai Ayilan ɗin nan ba a cikin Ingila take ba?

A'a. Tsibirinta daban. Don Allah a daina tambayata wannan.

To me ya haɗa kabari da mai gona?

Haya. A da, manomin ƙauye ba shi da ƙasar da yake nomawa, ka kasa biya a yaye maka rufin ɗaki a watsar maka da kaya waje. Lokacin yunwar 1845 zuwa 1852 da dankali ya ruɓe, kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu rami ɗaya aka zuba su ba ko akwati. A lokacin talaka ba shi da kotun da zai kai mai gona, sai ya rama da baki: wai wane ya sa an nome maƙabarta, ko ya kwashe duwatsun kabari ya yi katanga, shanunsa suka bi ta mutuwa, gidansa ya koma kango.

Mutanen nan sun wanzu kuwa?

Sosai ma. Wani mai gonaki, John George Adair, ya kori mutum 244 daga yankin Derryveagh na gundumar Donegal a 1861. Ana cewa da ya mutu mushen kare aka jefa masa a kabari. Korar tarihi ce, karen kuma labari, ku daina cakuɗa min su.

Idan na je can na ga tudu da ƙananan duwatsu a tsakiyar gona, in hau?

To, wannan kam ya danganta. Wataƙila tarin duwatsu ne kawai da manomi ya tsince, amma kuma yana iya zama cillín, inda ake binne jariran da suka mutu ba a yi musu baftisma ba, sau da yawa da dare, ba suna ba rubutu, kuma har yanzu akwai manoman da tarakta ke kewaye wurin ba ta taɓa shi. Ni ban ce wani abu zai kama ka ba, kwantar da hankalinka, sai dai gonar tana da mai ita, ka nemi izini tukuna, kuma kabari kabari ne ko na waye, kar ka ɗauki dutse wai tsaraba, haba. Tsofaffin Ayilan ma suna da féar gortach, ciyawar yunwa: wai in ka taka inda yunwa ta kashe wani sai ƙafafunka su saki nan take, maganinta gutsuren burodi a aljihu. Ka yarda ko kar ka yarda, burodi dai ba nauyi gare shi ba.

Wa ya rubuta duk wannan?

'Yan firamare. Daga 1937 zuwa 1939 aka tura su wajen kakanninsu da littafin rubutu. Abin da suka rubuto yana nan a intanet, je ka karanta.