Me ake nufi da yi wa injin mota tiyunin?

Tiyunin shi ne sauya saitin injin mota, ko canza wasu kayansa, domin ya ba da ƙarfi fiye da yadda kamfani ya fito da shi. Ana auna wannan ƙarfi da ma'aunin da ake kira ƙarfin doki, wanda injiniyan nan na Scotland, James Watt, ya ƙirƙiro a ƙarni na 18. Ƙarfin doki ɗaya ya kai kimanin wat 746.

Mutane da yawa sun ɗauka fetur ake ƙara wa injin, shi ke nan. Ai fetur shi ne mai sauƙin. Iska ce matsalar. Kafin giram ɗaya na fetur ya ƙone ƙurmus, yana buƙatar iska kusan giram 14.7, don haka yawancin dabarun masu wannan sana'a a kan abu guda suke: yadda za a cusa iska mai yawa cikin silinda, a kuma fitar da hayaƙi da sauri. Aikin turbo ke nan. Hayaƙin da ke fita shi ke juya wata farfela, ita kuma ta juya wata farfelar da ke matso iska ta dura wa injin. Sai dai matsattsiyar iska zafi take yi, shi ya sa ake bi da ita ta na'urar sanyayawa kafin ta shiga.

A da, da sukudireba ake saita kafireta. Motocin yanzu kwamfuta ce ke kula da yawan man da ake fesawa da lokacin da fulogi zai ba da wuta, saboda haka sai a jona mata wata kwamfutar a sake rubuta lissafin. Injin mai turbo yakan samu ƙari mai tsoka ta wannan hanya. Wanda ba shi da turbo kuwa, ɗan abin da zai ƙaru bai taka kara ya karya ba. Salansa mai ƙara ita kaɗai, galibi maƙwabta kawai take tasa daga barci.

To daga ina ƙarin yake fitowa? Da gangan kamfani ke barin rara, saboda motar za ta gamu da fetur mara kyau da zafin rana da direban da ba ya juyen mai a kan kari, ga kuma dokokin hayaƙi. Wannan rarar ce mai tiyunin yake ci. Idan ya zarce, man zai riƙa fashewa da kansa a cikin silinda ba bisa ƙa'ida ba, fistin ya lalace, injin ya buga. Kulochi da giya ma an ƙera su ne daidai da ƙarfin farko, ballantana birki, wanda aka fi mantawa da shi. Sannan yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar nauyin gyaran injin da aka taɓa masa kwamfuta, ko da garantinsa bai ƙare ba.