Ma'anar tantance takardun aure a ofishin jakadanci

Maganar tantance takardu ta yawaita a bakin iyaye a Gombe, musamman waɗanda 'ya'yansu suka tafi karatu ko aiki a Masar, Saudiyya, Turkiyya ko Turai, Allah kuma ya haɗa su da abokan zama a can. Ɗalibanmu da ke ƙasashen Larabawa tasdiƙi suke kiransa. Ma'anarsa ita ce ofishin jakadancin ƙasar da za a ɗaura auren ya buga hatiminsa a kan takardar da aka bayar a Nijeriya, yana mai shaida cewa sa hannu da hatimin da ke jikinta na jami'in da ke da hurumi ne. Iyakar shaidarsa ke nan, domin ba ya ɗaukar alhakin gaskiyar abin da aka rubuta a cikinta.

Dalilin wannan aiki shi ne, magatakardan aure a Alƙahira bai san sa hannun jami'in kotu na Gombe ba, saboda haka sai an kai masa shaida hawa-hawa, kowane ofishi yana gaskata wanda ya gabace shi. Ma'aikatar Harkokin Waje da ke Abuja ce take fara tabbatar da takardar, sannan ofishin jakadanci ya tabbatar da sa hannun ma'aikatar. Wanda ya tsallake ma'aikatar ya wuce kai tsaye zuwa ofishin jakadanci, galibi komo da shi ake yi. Ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar birnin Heg ta 1961 sun sauƙaƙa wa junansu wannan hanya da hatimi guda da ake kira afostil, amma Nijeriya ba ta cikinsu. Jamus kuwa ta daina buga wa takardun Nijeriya hatimin tantancewa, sai dai ta sa a binciki asalinsu, mai nema kuma shi ke biyan kuɗin binciken.

Takardun da aka fi nema su ne shaidar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da takardar rantsuwa daga Babbar Kotu cewa mutum ba shi da aure, wani lokaci kuma da shaidar 'yan sanda ta rashin aikata laifi. Bazawara za ta haɗa da takardar saki daga kotu, ko shaidar rasuwar mijinta. Ƙasashe da dama suna buƙatar fassara zuwa harshensu, kuma sukan ƙi takardar rashin aure idan ta wuce wata uku ko shida.

A ganina, babban abin da ke ɓata wa mutanenmu lokaci shi ne saɓanin bayanai, kuma iyaye ba su cika ɗaukarsa da muhimmanci ba. Mu a nan Muhammadu da Muhammad da Mamman duk mutum ɗaya ne, amma a wurin jami'in da ke riƙe da fasfo a hannu ɗaya da shaidar haihuwa a ɗaya hannun, mutum uku ne. Haka nan ranar haihuwar da aka rage wa shekara a takardar makaranta. Akwai kuma wanda ya keɓanta da mu: duk wanda aka haifa a Gombe kafin ƙirƙiro jihar a ranar 1 ga Oktoba 1996, tsohuwar takardarsa Jihar Bauchi za ta nuna, alhali sabbin takardunsa Jihar Gombe suke ɗauke da ita. Irin wannan ana warware shi ne da takardar rantsuwa a kotu tun kafin a kama hanyar Abuja, kuma gara waliyyai su jinkirta sa rana har sai hatimin ofishin jakadancin ya hau kan takardun.