Kuɗin Mbappe ba sa sayen jirgi mai gudu: fashin baƙi kan dokokin gasar SailGP

Makon jiya da dare, a fadarmu ta Bukoki a nan Yamai, ƙanena mai kabu-kabu ya tsaya da babur, ko kashe shi bai yi ba ya miƙo mini waya. "Yaya, don Allah dubi nan. Wannan jirgin ruwa ne ko jirgin sama?" Cikin bidiyon wani jirgi ne mai kama da kwale-kwale biyu da aka haɗe da gada, da dogon fiffike tsaye a tsakiya, yana sheƙa gudu a bisa teku, cikinsa ko taɓa ruwa bai yi. A ƙasan bidiyon an rubuta da Faransanci cewa Mbappe, ɗan ƙwallon Faransa, ya zuba kuɗi a gasar tseren irin waɗannan jirage, kuma duk wanda ya tura jaka biyar zuwa wata lamba za a yanka masa kaso cikin kyautar dala miliyan 2. Kafin in buɗe baki mai shayinmu ya riga ya buga lissafi. Ya ce dala miliyan biyu ai miliyan goma ke nan, ko fili mai kyau ba ta saye a Yamai, me ake wa wannan hayaniya?

Daga nan zan fara, don wannan ce mai sauƙi. Dalar da ake magana ta Amurka ce, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Miliyan 2 nata ta haura miliyar guda na sefa. Batun jaka biyar kuwa damfara ce tsagwaronta. Babu inda dokar gasar ta buɗe wata ƙofa da ɗan kallo zai tura kuɗi ta waya ya samu kaso cikin kyauta. Kyautar ta ƙungiyar da ta ci ce. Wanda ya tura jakarsa biyar, wani ya sha romo da ita a wani lungu, shi ke nan.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne sauran maganganun da na ci gaba da ji bayan nan, a fada da wurin aski. Wasu na cewa caca ce attajirai suka yi wa ado. Wasu na cewa tun da Mbappe ya shiga, Faransa ta gama ɗaukar kofi, ai mai kuɗi shi ke sayen jirgin da ya fi gudu. Duka biyun sun kauce, amma ba su kauce daidai da juna ba.

Gasar sunanta SailGP. Mutum biyu suka kafa ta a 2018: Larry Ellison, attajirin Amurka, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin kwamfuta na Oracle, da Russell Coutts, ɗan Niyuzilan, tsohon gwanin tseren jirage masu tafiya da iska. An fara tsere a 2019 da ƙungiyoyin ƙasashe 6: Ostareliya, Sin, Faransa, Birtaniya, Japan da Amurka. Da farko Ellison ne ya ɗauki nauyin abin daga aljihunsa, da nufin a hankali kowace ƙungiya ta samu masu ita. Hakan kuwa ake ciki. A kakar 2025 ƙungiyoyi 12 suka fafata, kuma da yawansu suna hannun masu jari. Kylian Mbappe ya sayi hannun jari a ta Faransa a 2025, Sebastian Vettel, tsohon zakaran tseren motoci, yana cikin masu ta Jamus, ƴan fim Hugh Jackman da Ryan Reynolds sun shiga ta Ostareliya. Dokokin suna hawa kan matuƙa da ƙungiyoyinsu da masu su, ɗan kallo ba ruwansa.

Ga masu cewa caca ce: kuɗin kyautar ba zubi ba ne da matuƙan ke tarawa wanda ya ci ya kwashe. Daga hukumar gasar da masu ɗaukar nauyi yake fitowa, irin su kamfanin agogo na Rolex wanda sunansa ke manne da gasar. Kamar dai yadda ake ba sarkin kokowa takobi da kuɗi ba tare da ƴan kokowa sun zuba ko dala ba. Idan wani a gefe ya buɗe wurin caca a kan sakamakon, wannan nasa ne, haka ake yi wa ƙwallo ma. Hukunci na addini kuwa na bar wa malamai.

Maganar sayen jirgi mai gudu ita ce dokar ta toshe tun daga tushe. Jiragen duka iri ɗaya ne, sunansu F50, tsawon kowanne wajen mita 15. Ma'aikatan hukumar gasar ne ke kula da su, su kwance su, su loda a kwantena, su kai gari na gaba su sake haɗawa. Ƙungiya ba ta da ikon kai nata wurin wani injiniya ya ƙara masa wani siddabaru. In an kawo sabon abu, kowa ake sa wa. Waɗannan ƙafafun masu kama da wuƙa da ke ƙarƙashin jirgin, waɗanda ke ɗaga shi sama da ruwa har ya kai gudun kilomita 100 a awa ba tare da inji ba, iri ɗaya ne a jirgin kowa.

Akwai kuma wani sharaɗi da ni ya fi burge ni. Kowane jirgi cike yake da na'urori masu auna duk abin da matuƙa ke yi, kuma bayanan a buɗe suke ga duk ƙungiyoyi. Wanda ya zo na ƙarshe yau zai iya zama da dare ya duba yadda na farko ya karkata fiffikensa a kowace kwana. A kokowa sai ka ce an tilasta wa kowane ɗan kokowa ya kwance layunsa a gaban abokin karawa. Shi ya sa kuɗin Mbappe zai iya biyan albashin gwanaye da masu horarwa, amma ba zai ƙara wa jirgin Faransa ko taku ɗaya ba. Har ƙarshen kakar 2025 Faransa ba ta taɓa ɗaukar kofin ba. Ostareliya ta ɗauki uku na farko a jere, Sipaniya ta ɗauki na huɗu, Birtaniya ta ɗauki na 2025 a Abu Dabi.

Yanzu ga inda mutane suka fi ruɗewa, wato hukunci. Iri biyu ne, kuma ana yawan gwama su. Na farko shi ne na cikin tsere. Idan ka tare wa wani hanya alhali shi ke da haƙƙin wucewa, ko ka fita daga iyakar fage, ko ka tsallake layin farawa kafin lokaci, nan take za a umarce ka ka rage gudu ka koma baya. Alƙalan ma ba sa kan ruwan. Suna zaune a Landan gaban allunan kwamfuta, suna bin kowane jirgi ta tauraron ɗan adam, ko da tseren a Sidni ake yin sa. Wannan hukuncin yana ƙarewa da ƙarewar tseren.

Na biyun shi ne mai zafi: cire maki saboda karo ko ɓarna. A tsarin da aka bi a kakar 2025, laifin yana da matakai, maki 4, ko 8, ko 12, gwargwadon yadda ɓarnar ta kai. Kuma ba a nan ya tsaya ba, ana sake bin ka har cikin makin kaka gaba ɗaya a yanke wani abu. Don a gane nauyin abin, wanda ya lashe gasar gari guda ɗungurungum maki 10 yake samu a teburin kaka. A Fabrairun 2025 a Sidni, jirgin Amurka ya kife lokacin da ake jan sa zuwa wurin atisaye, fiffiken ya lalace. Ba su buge kowa ba, tseren ma ba a fara ba. Duk da haka aka cire musu maki 12 na gasar Sidni da maki 8 na kaka, ga shi kuma ba su samu shiga tseren ba. A wannan karon dai Jamus ta kwashi hukuncin maki 32 tun a ranar atisaye, wato ta shiga tsere da bashi a wuya.

Da na ba da wannan labari a fada, ƙanena ya ce, "Yaya, wannan ai zalunci ne. Mutum ya faɗi da babur ɗinsa shi kaɗai, sannan ɗan sanda ya zo ya rubuta masa tara?" Na ce masa babur ɗin ba naka ba ne kai kaɗai, nan ne bambancin. Jiragen nan ƙidayayyu ne, kayan gyaransu ma haka, kuma ma'aikata ɗaya ke gyara na kowa. In ka karya fiffike yau, mutanen da za su kwana suna ɗinke shi su ne ya kamata su shirya jiragen sauran, kuma mai yiwuwa gasar gari na gaba ta zo ba a gama ba. Ga kuma rai. A Disamban 2021, a Sidni ɗin dai, jirgin Birtaniya ƙarƙashin Ben Ainslie ya afka wa na Japan wajen farawa, ya datse masa goshi. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo. Aka yanke wa Birtaniya maki, suka janye daga gasar, suka ba Japan aron jirginsu ta ƙarasa da shi, kuma a kakar nan ba su shiga ukun ƙarshe ba. Mutum shida ne a kan abin da ke gudun motar da ke kan hanyar Doso, ba ƙofa, ba gilashi. In ba a sa hukuncin da zai sa matuƙi ya ji tsoron kusantar ɗan'uwansa ba, wata rana gawa za a ɗauko.

Na yarda da dokar a kan karo. A kan wanda ya kife shi kaɗai, zuciyata ba ta kwanta sosai ba. Rashin shiga tseren ma hukunci ne, sai kuma a ƙara masa maki 8 a kai. An yi wa mutum duka biyu a kan laifi ɗaya, ko da yake na gane dalilin.

Sai dokar kuɗin kanta. Ana yawo gari gari tsawon kaka ana tara maki. A ƙarshe ƙungiyoyi uku na sama su shiga tsere guda ɗaya tak, wanda bai fi ƴan mintoci ba, kuma duk makin da aka tara a share shi. Wanda ya riga tsallake layi shi ne zakara, shi ke da kuɗin. A kakar farko dala miliyan 1 ce, kuma ƙungiya biyu ce ta kara a Marsai, Ostareliya da Japan. Daga baya aka mai da shi uku, kuɗin ya koma miliyan 2. A Yulin 2024 a San Faransisko, Niyuzilan ce ke saman tebur bayan wahalar shekara guda, Sipaniya ta shigo a ta uku, ta ci tseren, ta tafi da kofi da miliyan 2. Wanda ya fi maki a kaka yana da tasa kyautar, kuma kowane gari akwai abin da ake rabawa, amma ba su kama ƙafar wannan ba.

Mu da muka saba da takobi, wanda aka fara gwagwarmayarsa a Tawa tun 1975, ba baƙon abu ba ne a wurinmu a ce karo ɗaya ya raba gardama. Amma a kokowa wanda ya kai karon ƙarshe bai taɓa faɗuwa ba tun ranar farko, guminsa ne ya kai shi, ba wanda ya fi shi a fagen. A nan kuwa na uku, wanda aka sha kayarwa, yana iya yin sa'ar iska ta minti goma ya wuce da komai. An tsara shi haka ne don masu kallon talabijin, kada a san zakara tun kafin ranar ƙarshe. Ga mai tallar agogo wannan daidai ne. Ga matuƙin Niyuzilan kuwa, ban ga yadda za a lallashe shi ba.

Sauran sharuɗɗan ba su da wata sarƙaƙiya. Tun kaka ta biyu dole kowane jirgi ya kasance da mace a cikin matuƙansa, kuma a kakar 2025 Martine Grael ta Burazil ta zama mace ta farko da ta riƙe sitiyari. Dokar cewa matuƙa su zama ƴan ƙasar da suke ɗauke da tutarta ta yi sassauci, a kakar 2025 ma Giles Scott ɗan Birtaniya ne ya tuƙa jirgin Kanada.

Masu cewa kuɗi ke aiki na ce sun kauce, amma ba su kauce duka ba, wurin da suka nuna ne ba daidai ba. A kan ruwa an daidaita kowa. A bakin ƙofa ne kuɗi ke magana. Japan ta zo ta biyu a kaka ta farko, ta sake zuwa ta biyu a kaka ta biyu. Da aka shiga ta uku, sababbin ƙungiyoyi masu kuɗinsu suka shigo, jirage ba su isa kowa ba, ita kuma ba ta samu mai ɗaukar nauyinta ba, sai aka ajiye ta gefe. Ba karo ta yi ba, ba maki aka cire mata ba. Sin ma kaka ɗaya ta yi ta fita.

Mai shayinmu, da ya gama sauraro, ya ce to mu dai ba ruwanmu tun da ba mu da teku. Na ce masa Suwizalan ma ba ta da teku, amma tana da ƙungiya a gasar, har an kai tseren tafkin Janeba a 2025. Cikin ƙungiyoyi 12 na kakar nan babu ko ɗaya daga Afirka, har da ƙasashen da teku ke wanke musu ƙafa. Ya ɗaga buta ya zuba na uku, ya tambayi ƙanena ko ya riga ya tura jaka biyar ɗin. Ya ce a'a, esans ya sha da ita tun da rana.