Kayan Ɗaki Masu Ɗorewa

Kayan ɗaki masu ɗorewa suna ne da ake ba gado, kujera, teburi, kabad, shimfiɗa da kayan adon gida waɗanda aka yi su ba tare da an cinye daji ko an ƙara wa bola kaya ba. Iri biyu ne. Akwai waɗanda ake yi da abin da ya riga ya yi wani aiki aka yar da shi, kamar katakon rusasshen gida, tsohon kwalekwale, gangar mai ko tayar mota. Akwai kuma waɗanda ake yi da abin da ƙasa ke mayarwa da wuri bayan an yanka, kamar kaba, gora, tukurwa, kara da ƙwarya. Kowanne iri aka ɗauka, ma'aunin farko shi ne daɗewa: kujerar da aka yi da gora ta karye cikin shekara biyu ba ta kai ta maɗaci da ta ga jikoki ba.

Dalilin tasowar batun

Tun daga tsakiyar ƙarni na 20 masana'antu suka koma yin kayan ɗaki da allunan garin katako da aka matse da gam, irin wanda kafintoci ke kira MDF. Yana da araha, yana da santsi, yana karɓar ado. Sai dai ba ya shiri da ruwa. Da zarar danshin damina ya kama ƙafar kabad sai ta kumbura ta fara zubewa, kuma in ramin ƙusa ya buɗe ba ya sake riƙewa. Duk wanda ya taɓa kwashe kayan amarya daga gidan haya zuwa wani ya san yadda gadon da aka kashe wa dukiya ke komawa bayan tashi na biyu. Ƙari a kan haka, gam ɗin da ake matse yawancin allunan da shi yana fitar da sinadarin fomaldihaid, wanda cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin masu haddasa cutar a 2004.

A Amurka, hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ƙiyasta cewa an zubar da kayan ɗaki sama da tan miliyan 12 a shekarar 2018 kaɗai, kuma kusan kashi 80 cikin 100 binne su aka yi a juji.

Katako mai kyau ma yana da tasa ɓarnar. Madobiya, wadda masana tsirrai ke kira Pterocarpus erinaceus, 'yan katako kuma ke ce wa koso, itace ne mai jinkirin girma da makiyaya ke sassaɓo ganyensa su ba dabbobi da rani. Bayan 2010 kasuwar kujerun alfarma ta ƙasar Sin ta buɗe masa baki, aka shiga sare shi ba ji ba gani a Afirka ta Yamma, dazuzzukan Taraba na cikin waɗanda suka fi ji a jika. A Janairun 2017 aka sa shi ƙarƙashin kariyar CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa mai ƙayyade cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, a ƙarshen 2018 aka dakatar da cinikinsa daga Najeriya, a 2022 kuma takunkumin ya game sauran ƙasashen da yake fitowa. Don magance irin wannan ne aka kafa ƙungiyar FSC a 1993, mai buga hatimi a jikin katakon da aka tabbatar daga dajin da ake kula da shi ya fito.

Tsohon katako da tsohon ƙarfe

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma maganar ta hau kan katako daidai. Katakon da ya shekara hamsin a rufin ɗaki ya gama bushewa, ya gama murɗewar da zai yi, ba zai sake tsagewa a hannun mai saye ba. Sau da yawa ma daga manyan itatuwan da babu irinsu yanzu aka yanko shi.

Aikinsa ne ke da cin rai. Kafinta zai fara da zare ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, ya bi da maganaɗisu ko na'urar gano ƙarfe, domin guntuwar ƙusa ɗaya da ta karye a ciki ta isa ta zubar da haƙoran zarto. Sai ya ƙwanƙwasa ya saurara: inda gara ta ci ta ciki yakan yi amo kamar ganga, nan za a yanke a yar. Bayan haka a kankare, a goge, a shafa mai ko kakin zuma. Masu wannan sana'a da yawa ba sa toshe ramin ƙusa ko goge tabon tsatsa, saboda masu saye su suke nema. Wannan doguwar hidima ce ta sa teburin tsohon katako kan fi sabo tsada, ko da an samu katakon kyauta.

A Turai, wanda aka fi alaƙanta farfaɗo da salon da shi shi ne Piet Hein Eek, ɗan ƙasar Holan, wanda ya kammala makarantar zane ta Eindhoven a 1990 da kabad ɗin da ya harhaɗa daga guntayen katako masu fenti kala-kala. A 1991 ɗan ƙasarsu Tejo Remy ya tara tsofaffin aljihunan teburi ya ɗaure su da ɗamara guda, aikin da ya yi suna bayan an nuna shi a Milan a 1993. A 2010 kamfanin Emeco na Amurka ya fitar da kujerar da ake yi da robar lemo 111 da aka narka.

A Afirka ta Yamma ƙarfe ya fi yawa a wannan fage. Hamed Ouattara na Wagadugu yana buɗe gangar mai ya baje ta da guduma ya yi kabad da ita, ya bar mata launinta da lotsawarta. Ousmane Mbaye na Dakar, wanda ya fara da gyaran firji, yana yin kujeru da teburi da murafan ganga da bututun ƙarfe. A Dakar ɗin dai akwai masu sayen kwalekwalen masunta da suka gaji da teku, su yanka su yi kujeru, da zanen jirgin da rubutunsa a jiki. Waɗannan sun kai kayansu baje koli a ƙasashen waje, amma tushen aikin shi ne wanda ake yi kullum a kasuwar Katako ta Yamai da Panteka ta Kaduna, inda 'yan gwangwan ke kawo kaya maƙera su mayar da ganga akwati ko murhu, gwangwanin madara ya zama fitila, tarkacen alminiyum ya zama tukunya.

Kayan tsiro a ɗakin Bahaushe

Kafin zuwan katifar soso da kujerar kushin, kusan duk abin da ke ɗakin Bahaushiya daga gona, fadama ko garke ya fito. Gado na kara ne ko na tukurwa, ko kuma na ƙasa mai ramin wuta a ƙarƙashi don mai jego da lokacin hunturu. A bakin ƙofa asabari, a tsakar gida zana. Ƙore na rataye a ragaya, an rufe su da faifai. Tufafi na cikin adudu, kuma lefen da a yau ake kaiwa cikin akwatuna ya samo sunansa ne daga kwandon kaba da ake zuba kayan a ciki. Kujerar zama 'yar tsugunno masassaƙi ne ke fafe ta da gizago daga gungume guda, babu ƙusa babu gam, shi ya sa babu inda za ta saki.

Kaba ita ce ganyen goriba tun tana ƙarama. Akan yanko ta a shanya, a tsaga siri-siri, a jiƙa ta yi laushi, a rina wadda za a yi ado da ita. Masaƙiya ba ta saƙa tabarma gaba ɗaya. Doguwar ɗamara take kitsawa mai faɗin tafin hannu, tana hira tana yi, tana naɗe abin da ta gama a gefenta, sai ya yi tsawo sannan a jera a ɗinke gefe da gefe har faɗin ya cika. Amfanin wannan tsari yana bayyana ranar da tabarmar ta tsufa: bakin da ya zare ake farkewa a sake, ba a yar da ita duka. Ranar da ta mutu kuwa, ta zama abin hura wuta ko taki. Tabarmar roba da ta kore ta daga kasuwa ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun, ga ɗaukar zafi da rana.

Fata ma tana cikin lissafi. Majema na jeme ta da 'ya'yan bagaruwa, dukawa su rina ja da karan dafi, su ɗinka tumtum da matashi a cusa audugar rimi. Fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Har yau ana samun waɗannan kaya a kasuwar Kurmi ta Kano, ko da yake rinin kanti ya maye gurbin na gargajiya a wurin masu yi da yawa.

A rufin soro kuwa azara ce, wadda ake tsagawa daga gangar giginya. Gara ba ta cika cin ta ba, don haka in tsohon ɗaki ya faɗi magina kan tsince azarar su ɗora a sabo. Sake amfani da kayan gini ke nan tun ba a raɗa masa suna ba.

Wasu ƙasashen suna da nasu. Gora takan isa yanka cikin shekara 3 zuwa 5, ta kuma sake tohowa daga saiwa. Indonesiya ce ke samar da mafi yawan karan ratan na duniya, wanda ake saƙa kujeru da shi, kuma a 2011 ta hana fitar da ɗanyensa don masaƙan gida su samu aiki. A Fotugal ana ɓare ɓawon wani itace duk bayan shekara 9 ba tare da an sare shi ba, a yi daɓen ɗaki da kujeru da shi.

Iyakoki da abin lura

Kasancewar abu na tsiro ba ya nufin ba ya ƙarewa. A jihar Maraɗi akwai kwarin da ake kira Gulbin Kaba saboda yawan goribarsa, kuma dubban gidaje na ci daga saƙa. Amma in aka matsa wa ƙaramar goriba da yanka kowace shekara, a kaba za ta dawwama, ba za ta miƙe ta yi 'ya'yan da za su ba da wasu ba. Giginya kuma sai ta yi shekaru gommai kafin ta ba da azara, abin da ya sa a yankin Gaya na Nijar aka danƙa kula da dazuzzukanta a hannun mutanen garuruwan, da ƙa'idar sara da dashe.

Tsohon kaya shi ma yana iya zuwa da cuta. Tsohon fenti kan ƙunshi dalma, kuma ƙurarsa in ana gogewa tana illa ga ƙwaƙwalwar yara. Gangar da aka zuba maganin ƙwari ko wani sinadari a ciki ba ta dace da ɗakin kwana ba, balle madafa. Katakon dakon kaya da ake ɗora buhuna a kai cikin kwantena, wanda matasan kafintoci ke yin gado da kujerun shaguna da shi, yana ɗauke da hatimi a gefe bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta 2002. In an rubuta HT, da zafi aka kashe ƙwarin cikinsa, ana iya shigar da shi ɗaki. In MB aka rubuta, da iskar guba aka yi masa turare, kuma masu sana'ar kan ajiye irinsa gefe.