Kafin Ciyawa Ta Bushe: Maganar Wutar Daji Daga Bakin Malamin Daji

Duk shekara idan ruwa ya ɗauke, wajen tsakiyar Oktoba, nakan hau babur in bi ƙauyukan da ke bakin gandun daji a ƙasar Alkaleri. Ba na rasa dattijon da zai dube ni a ƙofar gidan mai unguwa ya ce, "Malam, dawa ko nuna ba ta gama yi ba, ciyawa shar da ita, ka zo mana da zancen gobara?" Nakan ce masa, "Baba, ai shi ya sa na zo yanzu. In na bari sai na hango hayaƙi, jaje zan zo yi."

Wuta ba ta ci sai abu uku sun haɗu: abin ƙonewa, iska, da abin da zai tayar da ita. Iskar hunturu ba ta hannun kowa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu haka za ta dinga busowa daga arewa maso gabas, busasshiya, tana tsotse ɗan danshin da ya rage a ciyawa. Ashana kuwa tana aljihun kowane yaro. Abin da ya rage a hannunmu shi ne ciyawar kanta: nawa ce, a ina take, kuma yaushe za ta ƙone. Kusan duk aikin tsare gandun gwamnati daga gobara a kan wannan ya tsaya.

Wanda bai saba da daji ba gani yake wuta wuta ce. Mu da muke ciki mun san iri biyu ce. Akwai ta farkon rani, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da gamba da ƙyasuwa ke da sauran danshi a gindi, raɓa kuma na sauka da dare. Wannan rarrafe take yi. Ta lashe nan ta tsallake can, in ta iso inuwar tsamiya ta mutu da kanta, zomo da fakara su sami inda za su raɓe. Akwai kuma ta Janairu zuwa Maris, bayan komai ya bushe ƙayau. Wannan tun daga nesa za ka ji rugugin ta. Gamba ta fi mutum tsawo, to harshen wutar ninka ta yake yi, ya kama rassan marke da kaɗanya, tartsatsi ya yi gaba da iska ya kunna wata a bayan wanda ya zo kashe ta. Ƙananan itatuwan da suka tsiro da damina babu wanda ke kai labari.

Ba mu muka fara lura da haka ba. A 1929 ma'aikatan gandun daji suka ware fuloti uku a dajin Olokemeji, can ƙasar Yarabawa. Ɗaya aka hana shi wuta ɗungurungum, ɗaya ana ƙona shi da farkon rani, na uku kuma sai rani ya yi nisa. Da aka koma aka ƙirga itatuwa bayan kusan shekara talatin, wanda aka hana wuta ya zama kurmi, mai ƙunar wuri ya riƙe itatuwansa, mai ƙunar baya kuwa ciyawa ta fi ƙarfi a cikinsa, sai 'yan itatuwa masu kaurin ɓawo. Ƙasarmu ta fi can bushewa, don haka abin da wutar baya ke yi a nan ya fi muni.

Wani zai ce to a hana wuta baki ɗaya mana. A gonar dashen itatuwa, ko wurin da aka yi sabon dashe irin na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Bauchi da Gombe ke ciki, haka ne, ko ƙyalli ba ma so. Amma daji kamar Yankari, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, wanda aka keɓe tun 1956, wa zai iya tsare kowace kusurwarsa wata biyar ba tare da wani ya yar da guntun sigari ba? Ciyawar da ka hana ci bana tana nan tana jiran baɗi, ta haɗu da sabuwa. Amurka ta gwada. Tun 1935 hukumar gandun dajinsu ta sa dokar duk wutar da ta tashi a kashe ta kafin ƙarfe goma na safiyar gobe. Suka yi shekaru a haka, busassun itace da ganye suka taru, daga baya su da kansu suka dawo suna kunna wuta da gangan a lokacin da suka zaɓa. Ni a ganina wanda ya ce wa Bafulatani kada ya ƙona ko'ina, alhali toho yake nema wa shanunsa, ya tura shi ya kunna a ɓoye ne kawai, a watan da ya fi haɗari. Gara a zauna da ardo a yanke inda za a ƙona da ranar da za a ƙona.

Zaman nan shi ne rabin aikin. Kafin a ɗaga adda, muna tara mai unguwa, sarkin noma, sarkin dawa, ardo, da shugaban matasa a gindin bishiya. Ina da taswira a jaka, amma ba ita nake fara buɗewa ba. Tambaya nake yi: bara ta ina wuta ta shigo? Shekaran bara fa? Za ka sha mamaki, kusan kullum hanya ɗaya ce. Bakin wani rafi da 'yan farautar gafiya ke bi, ko burtali, ko inda masu gawayi ke da rami. Sarkin dawa zai zana maka a ƙasa da tsinke, ya nuna maka kwarin da iska ke bi ta ƙara gudu. Yanzu akwai taurarin ɗan adam na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, da ke nuna inda wuta ke ci a duniya, ana dubawa kyauta a intanet, kuma suna da amfani. Sai dai su wutar da ta riga ta tashi suke nunawa. Inda za ta tashi, tsinken sarkin dawa ne ke nunawa.

Daga nan sai layin tare wuta. Share ƙasa ake yi ƙal, kamar hanyar mota, a kewaye abin da ake son tsarewa. A gajeriyar ciyawa taku biyar zuwa shida ya isa. Inda gamba ta yi tsawo, kada a gaza taku goma, musamman ta gefen gabas da arewa inda iska ke fitowa. Kuskuren da na fi gani shi ne a sare ciyawa a tara ta a bakin layin. Wannan gada ka gina wa wuta. A ja ta da manjagara zuwa tsakiya a ƙone ta da yamma, ko a kwashe a kai gida, ga masu zana da masu jinka na nema. Hanyar mota, rafi, da fako duk layi ne da Allah ya ba mu kyauta, haɗa su kawai ake yi. Kuma aikin gayya ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ma'aikatan gandu kuwa ba su taɓa yawan da za su share iyakar daji su kaɗai ba.

Sai ƙunar wuri, wato ƙona ciyawa da gangan tun farkon rani, kuma a nan zan ba da labarin wautata. Farkon kama aikina, a wani gandu da ba zan kira sunansa ba, kuɗin aiki bai fito ba sai da Disamba ta raba. Na ƙagu in rubuta rahoton cewa an yi. Na tara matasa takwas da misalin sha ɗayan rana. Wani tsohon maharbi ya ɗebi ƙasa ya sake ta a iska, ya karya karan gamba ya ji ƙararsa, ya ce, "Ɗana, yau ba ranarta ba ce. Ka bari sai rana ta yi sanyi." Na ga kamar tsoro ne. Na ƙyasta. Minti goma ba a yi ba iska ta juya, wuta ta tsallake layinmu kamar ba a share ba, ta faɗa gonar wani bawan Allah da ya jera dammunan dawarsa bai kai gida ba. Mun tsirar da wasu. Sauran na tsaya ina kallo suna ci, hatsin na fashewa tas-tas kamar gugguru. Mai gonar bai zage ni ba. Ya tsuguna ya ɗebi ƙonanniyar dawa a tafinsa yana dubawa, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tun ranar ban sake kunna wuta da tsakar rana ba. Bayan la'asar sakaliya ake yi, iska ta kwanta, raɓar dare ta taya ka kashewa, ko da sassafe. Ana farawa daga bakin layi ta gefen da iska ta dosa, wutar ta dinga ci tana ja da baya a hankali. Gutsure-gutsure ake ƙonawa, a bar wasu wuraren don dabbobi da kiwo. Ana sanar da maƙwabtan gona kwana biyu kafin ranar. In kara ya karye ƙas a hannunka babu lanƙwasa, lokaci ya wuce, a haƙura da ƙuna a dogara da layi.

Masu tayar da wutar baya mun san su, 'ya'yanmu ne da ƙannenmu. Yaro ya cusa wuta a ramin gafiya, ya sami nama na miyar dare ɗaya, ƙauye ya rasa harawa da karan da zai riƙe dabbobi har faɗuwar ruwa. Mai ɗiban zuma ya yar da bakin wutarsa a gindin bishiya ya tafi. Manomi ya ƙone sharar gona ya koma gida kafin ta mutu. Mata su ne suka fi ji a jika, don kaɗanya da ɗorawa da rani suke fure, in wuta ta babbake su an yi asarar man kaɗe da kalwar daddawa na shekarar. Masu cewa toka taki ce, da gaskiyarsu kaɗan. Amma sinadarin da muke saye da tsada a buhun yuriya, shi ne ke fara bin hayaƙi, tokar kuma iska ta kwashe, ruwan farko ya tarar da ƙasa tsirara ya wanke ta. Akwai doka: tun 2011 hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, ta fitar da ƙa'idojin da suka hana ƙona daji ba da izini ba. Amma na ga inda tarar da mai unguwa da jama'arsa suka yanka da bakinsu ta fi takardar Abuja aiki. Gana ma sai da gobarar 1983 ta cinye musu gonakin koko da na abinci, sannan suka kafa 'yan sa-kai na kashe wuta a ƙauyuka.

In duk da haka ta tashi, ga abin da nake roƙo. Kada kowa ya tsaya a gabanta. Ta baya da gefe ake bin ta da ɗanyun rassa, ana bugawa ana turo ta cikin inda ya riga ya ƙone. Injin feshi na goyo, in an wanke shi sarai, ya fi bokiti goma amfani. Wuta ta fi gudu in tana hawan tudu, don haka a yankunan duwatsu irin Dass da Toro kada a gudu sama. In ta rutsa da kai, nemi baƙin wuri da ta riga ta cinye, ko fako, ko rafi. Rigar leda da takalmin roba narkewa suke yi a jiki. Yara da masu asma a nisanta su da hayaƙi. Kunna wuta don ta tari wata aikin wanda ya ƙware ne, kuma mutum ɗaya ne ke ba da umarni, ba kowa da ashanarsa ba. Wanda ya ƙone a zuba masa ruwa mai sanyi mai tsabta na minti ashirin, a rufe da ƙyalle mai tsabta a kai shi asibiti. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja.

Kuma kada a watse don an ga harshe ya mutu. Kututturen kirya yakan yi kwanaki yana ci ta ciki, ranar da iska ta taso ya farfaɗo. A bar mutum biyu su zaga bakin ƙunar da fartanya, suna binne duk abin da ke hayaƙi, yau da gobe da jibi.

Ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko, wani ya tashi ya roƙi mai unguwa a sa ranar gayya. A rubuta lambobin waya biyar na waɗanda za a kira in an ga hayaƙi, a manna a bangon masallaci. Wanda dawarsa ke gona ya share kewayen dammunansa tun yau, ko taku biyar ne. A ƙasarmu layin da bai kammala ba kafin Disamba ta kama, yawanci wuta ce ke riga shi isa.