Ƙona gawa a Amurka: sa hannun wa doka ke jira?

A Amurka yanzu, cikin mamata goma kusan shida ƙona su ake yi, ba binnewa ba. Mu dai ba al'adarmu ba ce, ba kuma addinin yawancinmu ba, amma duk mai zama can, ko mai ɗa ko ƙane a can, bai kamata dokar ta zame masa baƙuwa ba. Kabari in an yi kuskure ana iya tonewa. Toka kuwa shi ke nan.

Dokar kashi biyu ce. Ta tarayya kan kuɗi take, hukumar kula da kasuwanci ta FTC ce ta kafa ta, ta fara aiki a 1984, aka yi mata gyara a 1994. Dalilinta sananne ne: mai makoki ba ya iya ciniki. Mutum ya shiga kamfanin jana'iza idonsa jawur, duk abin da aka ce masa “wajibi ne” sai ya biya. Saboda haka doka ta ce da zarar ka fara maganar shiri ko farashi, a miƙa maka takardar farashin komai dalla-dalla, ka tafi da ita gida. In ta waya ka tambaya, a faɗa maka. Ka zaɓi abin da kake so, sai dai kuɗin hidima na asali, wanda ba a kauce masa.

Ba a yarda kamfani ya ce sai da akwatin gawa mai tsada za a yi ƙonawa kai tsaye ba, dole ya tanadi mai araha na kwali ko katako marar ado. In daga wani wuri ka sayo akwati, ba shi da ikon cajinka kuɗin karɓa. Sai wanda ya fi shafar Musulmi: ɗura wa gawa sinadarai don kada ta lalace. Kamfani ba zai yi ƙaryar doka ce ta tilasta ba, kuma a mafi yawan hali sai ya nemi izini kafin ya yi ya caje ka. Tarar saɓa wa dokar ta haura dala 50,000 kan kowane laifi.

Izinin ƙonawa kuwa hurumin jihohi ne, kowace da tata. Galibi akwai takardar izini da dangi mafi kusa zai sa wa hannu, kuma doka ce ke jera kusancin: miji ko mata, sai 'ya'ya baligai, sai iyaye, sai 'yan'uwa. Jihohi irin su Florida da Texas sun sa a jira awa 48 bayan rasuwa. A takardar akan tambaya ko mamacin na da na'urar daidaita bugun zuciya, don batirinta na fashewa a wuta, kuma akan haɗa gawar da ɗan ƙarfe mai lamba wanda zai fito tare da tokar.

Tsaurin ba banza ya zo ba. A Fabrairun 2002 aka gano gawawwaki 339 yashe a harabar maƙonar Tri-State da ke garin Noble na jihar Jojiya, wasu a rumfuna, wasu cikin daji, alhali an ba iyalai da dama garin siminti da sunan tokar 'yan'uwansu. A 2023 aka sake ganin irinsa a Penrose ta jihar Kolorado, gawa kusan 190, sai a 2024 jihar ta dawo da tilasta lasisi ga masu sana'ar.

A ganina jerin kusancin nan ne ya fi cancanta mutanenmu su lura da shi. Bahaushe ya auri Ba'amurkiya, ya rasu bai bar rubutu ba: maganar matar ce gaba da ta mahaifinsa da ke Kano ko Maraɗi, ko da ƙonawa ta zaɓa. Gawar da ba wanda ya zo nema kuma, ƙananan hukumomi da yawa, har da ta Los Angeles, ƙona ta suke yi. Jihohi da dama sun ba mutum damar naɗa wakili a rubuce tun yana raye, wanda zai yanke yadda za a yi da gawarsa, kuma maganar wakilin ce ke gaban ta dangi. A cike takardar bisa ƙa'idar jihar, a rubuta ƙarara cewa wanka da salla da binnewa ake so, a bai wa wakilin kwafi, a ajiye wani a masallacin unguwa.