Tsoro da faɗa a wajen ƙananan karnukan gida

Ƙananan karnukan gida su ne waɗanda ko sun girma nauyinsu bai cika wuce kilo 10 ba, irin su Lhasa Apso, wanda asalinsa daga yankin Tibet na nahiyar Asiya ne, da Chihuahua na ƙasar Meziko, da Pomeranian. A garin Bauchi, kamar sauran biranen Arewa, an fi sanin karen farauta da karen gadi. Waɗannan ƙananan masu yawan gashi an fi ganinsu a gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa, a unguwanni irin su GRA da Yelwa. Ƙorafin da masu su kan kai wa likitan dabbobi game da halinsu kala biyu ne: ko dai a ce kare ya cika haushi da kai cizo, ko a ce da ya ji motsi sai ya shige ƙarƙashin kujera yana karkarwa. Masana halayyar dabbobi suna ɗaukar biyun a matsayin abu guda, domin akasarin faɗan ƙaramin kare tsoro ne ke haddasa shi.

Yadda tsoro ke komawa faɗa

Karen da ya tsorata gudu yake fara nema. In hanya ta toshe, misali yana ɗaure da sarƙa ko an rungume shi a hannu, sai ya koma kare kansa da baki. Kafin ya kai ga cizo yakan nuna alamu bi da bi: ya kau da kai, ya riƙa lasar hanci, ya yi hamma ba don barci ba, ya kwantar da kunnuwa, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, jikinsa ya sandare, sannan ya fara gurnani yana yage baki. Babban kare in ya yi gurnani kowa ja da baya yake yi. Shi kuwa Chihuahua mai kilo 2 ko 3, dariya ake yi masa, a sunkuce shi duk da haka. A hankali sai ya gane cewa ƙananan alamun ba sa yi masa amfani, cizo kaɗai ke sa a sake shi, daga nan sai ya riƙa tsallake gargaɗin.

Gado ma yana da nasa kaso. Wani bincike da masana a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka wallafa a 2008, bisa amsoshin da masu karnuka suka bayar, ya sanya Dachshund da Chihuahua da Jack Russell cikin jinsunan da suka fi kai wa mutane hari. Shi kuma Lhasa tun asali aikinsa a Tibet shi ne gadin cikin gida, ya yi haushi in ya ji baƙo, don haka wanda ya saye shi yana tsammanin abin wasa marar hayaniya bai san abin da ya saya ba.

Ƙuruciya da muhalli

Daga mako na 3 zuwa wajen mako na 12 na rayuwar kwikwiyo shi ne lokacin da yake sabawa da mutane da sautuka cikin sauƙi, kamar yadda binciken masana halayyar dabbobi John Paul Scott da John Fuller, wanda aka buga a 1965, ya nuna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kwikwiyon da aka raba da uwarsa da wuri, aka ajiye shi cikin keji har aka sami mai saye, ya rasa wannan damar, kuma irinsa ne ya fi tashi da firgita.

Zaman gari yana da nasa abubuwan da ke ƙara tsoron. Yara da dama in sun ga kare jifa ce farkon abin da ke zuwa musu. A ƙofar gida kullum akwai mai shiga da fita: ɗan garuwa da kurarsa, almajiri mai bara, mai kawo takardar kuɗin wuta. Kare ya yi haushi, mutumin ya gama abin da ya kawo shi ya tafi, shi kuwa kare a ganinsa haushinsa ne ya kore shi, gobe sai ya ƙara ƙaimi. Ga ƙarar janareta, ga tsawar damina, ga wasan wuta na ƙarshen shekara, alhali kunnen kare yana jin sautukan da na ɗan Adam ba ya kaiwa gare su. A gidajen Musulmi da yawa kare ba ya shiga ɗaki, a tsakar gida ko bayan gida yake zama. Wannan ba matsala ba ce muddin yana da inuwa da ruwa da mai kula da shi. Abin da ke ɓata shi shi ne a ɗaure shi yini guda ba wanda ya leƙa shi.

Ciwo da haukar kare

Karen da aka sani da sanyin hali in ya sauya farat ɗaya, ciwo ake fara zargi. Ƙananan jinsuna suna yawan fama da ciwon haƙori da gocewar ƙoƙon gwiwa, masu dogon gashi kuma da ciwon kunne da kaska. Wanda jikinsa ke ciwo zai ciji hannun da ya taɓa wurin.

Abin da ya fi haɗari shi ne cutar haukar kare, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. Matsoracin kare yana da dalilin faɗansa, in abin tsoron ya gushe sai ya dawo daidai. Mai hauka kuwa yana cizon duk abin da ya samu, yawu na dalala, muryarsa ta sauya, ƙafafu su shanye, ya mutu cikin kwana 10 ko ƙasa da haka bayan alamun sun bayyana. Ana yi wa kwikwiyo allurar rigakafi yana da wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu haɗa ta. Duk wanda kare ya ciza, ko da ɗan kwikwiyo ne, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan ya wuce asibiti a ranar. In alamun cutar suka bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi.

Hanyar gyara

Duka da tsawa ba sa cire tsoro. Bulala tana iya hana kare gurnani, amma wanda ya yi haka ya kashe ƙararrawar gargaɗi ne kawai, cizon zai zo ba sallama. Hanyar da likitocin halayya suka fi yarda da ita ita ce a nuna wa kare abin da yake tsoro daga nesa, inda yake ganinsa amma bai fara haushi ba, a haɗa ganin da abin da yake so. A ce ɗan garuwa yake yi wa faɗa. Mai karen zai tsaya da shi a ƙarshen tsakar gida, igiya a hannu. Da ɗan garuwan ya shigo da kurarsa sai mai karen ya fara ba shi ƙananan yankan dafaffen nama ɗaya bayan ɗaya, da ɗan garuwan ya fita sai naman ya tsaya. Bayan kwanaki a rage tazarar da taki ɗaya ko biyu. In kare ya ƙi karɓar nama, an matsa kusa da yawa ke nan, sai a koma baya. Aikin yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kuma gaggawa ce ke rusa shi.

Ana kuma ware masa wani lungu da in ya shiga ba mai bin sa. Baƙo ya ƙyale shi, kada ya zuba masa ido ko ya miƙa hannu ta saman kansa, karen da kansa zai zo ya shinshina shi in ya natsu. Yara a hana su taɓa shi yana cin abinci ko yana barci, kuma ba a barin ƙaramin yaro da kare su biyu, domin fuskar yaro tana daidai bakin kare. In za a kai shi asibiti, takunkumi mai kama da kwando ya fi wanda ke ɗaure baki, saboda kare da haki yake rage zafin jiki, kuma a zafin Maris da Afrilu na Bauchi toshe masa baki na iya halaka shi. Karen da tsoronsa ya yi tsanani har ya daina cin abinci, ko wanda ya taɓa yi wa mutum rauni, likitan dabbobi na iya haɗa masa horon da maganin kwantar da hankali, kuma likitan ne zai auna maganin gwargwadon nauyin karen.